Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Shin Ya Halatta A Sayar Da Ruwan Sha?

Wata ranar Lahadi cikin tsakiyar bazara, bayan na baro kasuwar Baleyara, na yada zango a wani ƙauye na yankin Tabla. Garin ya sami sabon tankin ruwa na sama, irin wanda muke kira shato, da injin da ke aiki da hasken rana. A gindinsa mata sun jera jarkoki, wani saurayi kuma yana zaune a kan benci yana karɓar kuɗi yana rubutawa a littafi. Ana nan sai ga wani tsoho matafiyi janye da jakinsa, ya miƙa salka domin a cika masa. Saurayin ya gaishe shi cikin ladabi, sannan ya ce masa dala biyu ne. Tsohon ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce: "Ɗana, yaushe aka fara sayar da ruwan Allah?" Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, ba ni na aza ba. In kuɗin bai cika ba, ni za a tambaya." Wata mata daga cikin masu jira ta kwance bakin zanenta ta biya. Tsohon ya sha, ya shayar da jakinsa, ya yi wa matar addu'a mai tsawo, ya kama hanya bai sake duban saurayin ba.

Tun daga ranar nake juya wannan al'amari a zuciyata, domin na kasa ɗora laifi a kan ko ɗaya daga cikinsu. Tsohon yana magana da bakin wata tsohuwar doka da muka gada, saurayin kuma yana tsare wata amana da aka danƙa masa. Tambayar tsohon ba a ƙauye aka fara yin ta ba. An yi ta a birane tun ranar da aka fara jawo ruwa cikin bututu, don haka duk mai son amsa ta sai ya waiwayi tarihin gidajen ruwa na birni: me ya sa aka gina su, wa ya biya, wa ya sha, wa kuma aka bari a baya.

Dokar bakin rijiya

Kafin mu shiga birni, ya kamata mu fara sanin inda tsohon ya samo hujjarsa. Ƙasarmu, daga Tabla har Filinge da sauran garuruwan Kurfai, tana kwance ne a cikin Dallol Boso, wato kwarin wani tsohon kogi da ya ƙafe tun dubban shekaru, wanda ya gangaro daga Azawak ya nufi kogin Isa. A cikin kwarin ruwa ba shi da nisa, musamman ta kudu, amma da zarar mutum ya hau tudu sai rijiya ta yi zurfin da igiyarta kaɗai kaya ce. Wannan ne ya sa manomi da makiyayi, mai jin Hausa da mai jin Zabarmanci, Bafulatani da Buzu, suka daɗe suna haɗuwa a bakin rijiya ɗaya, kuma dole ta sa suka yi wa haɗuwar ƙa'ida.

Ƙa'idar ba a rubuce take ba, amma babu wanda bai san ta ba. Wanda ya gina rijiya shi ne kan gaba wajen sha. Baƙo ba a tambayar sunansa sai ya sha ruwa. Ɗan Adam yana gaban dabba, dabbar gari tana gaban ta matafiyi, amma ita ma ta matafiyin ba a kora ta da ƙishirwa. In rijiya ta cushe, gayya ake yi a yashe ta, kowane gida ya ba da namiji ko ya ba da hura. Mai hali yana ajiye randa a ƙofar gidansa domin masu wucewa. Malamanmu na zaure sun tarar da wannan al'ada ta dace da abin da suke karantarwa a fiƙihun Malikiyya: Risala ta Ibn Abi Zaid ta yi bayanin cewa masu rijiyar dabbobi su ne da haƙƙin fara shayarwa, bayan sun gama kuma sauran jama'a daidai suke a cikin abin da ya rage. Sai dai malaman sun bambanta ruwan da ke cikin kogi ko rijiyar daji da ruwan da mutum ya wahala ya ɗebo ya zuba a tulunsa. Na biyun ya zama mallakarsa, yana iya sayarwa, muddin ba rai ne ke neman salwanta a gabansa ba.

Hatta labarin asalin Hausa Bakwai a bakin rijiya ya faro. An ce a rijiyar Kusugu ta Daura akwai macijin da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo Bayajidda ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya tafi da dare ya kashe macijin, wannan ne kuma ya kai shi ga auren sarauniya Daurama. Ko labarin ya faru haka ko bai faru ba, abin lura shi ne darasin da kakanninmu suka zaɓa su ajiye a cikinsa: mulki ya halatta ga wanda ya buɗe wa jama'a hanyar ruwa, wanda kuwa ya tsare ta maciji ne, ko da sunansa Sarki.

Ranar da birni ya fi ƙarfin rijiya

Wannan doka ta bakin rijiya tana aiki ne a inda kowa ya san kowa, kuma inda ƙasa take da sararin da za ta tace ƙazantar mazaunanta. Birni yana rushe sharuɗɗan biyu. In mutane suka yi yawa a wuri ɗaya, rijiya da salga sukan zama maƙwabta, abin da aka zubar a nan sai a sha shi a can. A shekarar 1854 wani likita mai suna John Snow ya nuna cewa annobar kwalara da ta halaka ɗaruruwan mutane a wata unguwa ta Landan daga fanfo guda ta fito, wanda ruwansa ya gurɓata. Daga irin wannan sani ne manyan birane suka gane cewa ruwan sha ya wuce aikin gida-gida, ya zama aikin hukuma.

A ƙasar Hausa, Kano na cikin biranen farko da suka bi wannan hanya. Ɗaruruwan shekaru birnin yana shan rijiyoyi da kududdufai, waɗanda yawancinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne ruwan damina ya cika su. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka gina gidan ruwa a bakin kogin Challawa, kudu da birni, aka buɗe shi a farkon shekarun 1930 tare da tashar wutar lantarki. Ana turo ruwan da inji har zuwa ma'ajiyar da aka yi a kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro da nauyinsa zuwa unguwanni. Da fari mutane da yawa sun yi ɗari-ɗari da shi, domin ruwa ne da ba su ga inda ya fito ba, kuma hannun Nasara ya taɓa shi. Amma ba a daɗe ba fanfo ya zama abin da kowa ke nema.

Akwai wani abu a tarihin wannan aiki da ya kamata mu ƴan karkara mu riƙe. Ba daga Ingila aka aiko da kuɗin ba. Baitulmalin hukumar gargajiya ta Kano ne ya ɗauki nauyinsa, abin da ke cikin baitulmalin kuwa harajin talakawa ne da jangalin makiyaya na faɗin masarautar. Wato manomin gyaɗa da ke can ƙauye mai nisa, wanda matarsa ke ɗebo ruwan tabki mai kurkunu, shi ma ya zuba guminsa a cikin bututun da bai taɓa sha daga gare shi ba. Gidan ruwan ya ceci rayuka masu yawa, wannan babu musu. Amma tun ranar da aka aza harsashinsa ya zo da bashi a wuyansa, bashin da birni ke ɗauke da shi na ƙauye. Kano ta ƙara gidajen ruwa daga baya, ta gina madatsar Tiga a shekarun 1970, duk da haka yawan jama'a ya tsere wa bututu, har ƴan ga-ruwa masu tura kura cike da jarkoki suka zama su ne fanfon unguwanni da dama.

Yamai da kogin da ya tsaya

Mu a Nijar, ruwa ne ma ya taimaka wajen zaɓa mana babban birni. Damagaram ce hedkwatar mulkin Faransawa daga 1911, amma a 1926 aka mai da ita Yamai, kuma ƙarancin ruwan Damagaram na cikin dalilan da aka bayar. Yamai a lokacin ƴar alƙarya ce a bakin kogi. A 1960 mutanenta ba su wuce kimanin 30,000 ba. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. Mafi yawan wannan taro kogin Isa yake sha, ta hanyar gidajen tace ruwa biyu da ke yammacin birnin, tsohon na Yantala da na Gudel wanda ya biyo bayansa.

Yana da kyau malami ya san abin da ke faruwa a cikin irin waɗannan gidaje, domin a nan amsar tsohonmu ta fara ɓullowa. Injuna ne ke zuƙo ruwan kogi, wanda da damina yakan zo ja wur saboda laka. Sai a zuba masa alif, kamar dai yadda iyayenmu mata ke yi wa ruwan tabki a cikin randa, domin dattin ya dunƙule ya kwanta. Daga nan a bi da shi ta cikin yashi ya tace, a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a auna shi a tabbatar ya yi, sannan wasu injunan su tura shi zuwa manyan tankuna na sama, daga can ya sauko gidaje. Kowane mataki yana cin wutar lantarki, yana cin magani da ake sayowa daga waje, yana kuma bukatar ma'aikacin da zai kwana a farke lokacin da birni ke barci. Mai buɗe fanfo da asuba ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu.

A watan Yuni na 1985, bayan farin 1984, kogin Isa ya daina gudu a Yamai. Dattawan birnin ba su manta da ganin mutane na taka tsakiyar kogi da ƙafa ba. Wannan ne ya sa daga baya aka gina shinge a cikin kogin a daidai Gudel, domin ya tare ruwan da birni zai sha a ƙarshen rani. Abin da ya faru a shekarar ya tuna wa mai fanfo cewa shi da mai guga uwarsu ɗaya: dukansu sama suke kallo.

Riƙon ruwan birane ma ya sha canza hannu. Kamfanin lantarki NIGELEC ne ya riƙe shi har aka kafa kamfanin ruwa na ƙasa, SNE, a 1987. A 2001 aka raba aikin biyu: SPEN ta gwamnati ta riƙe kadarori da gina sababbi, SEEN kuma, wadda wani kamfanin Faransa ke da kaso mafi tsoka a cikinta, ta karɓi tacewa da rabawa da karɓar kuɗi. A watan Maris na 2005, da aka aza harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi har da ruwa da lantarki, jama'a suka fito zanga-zanga, aka rufe kasuwanni a manyan garuruwa, har gwamnati ta janye mafi yawan matakin. A farkon 2024 kuma aikin ya koma hannun kamfanin ƙasa, NDE. Duk wannan kai da kawowa, in aka tace shi, tambayar tsohon nan ce ake maimaitawa da manyan kalmomi: ruwa na wane ne, kuma wa ke da ikon sa masa farashi?

Me ake biya?

Ga abin da na fahimta. Ruwa kansa babu wanda ya yi shi, saboda haka babu wanda ya isa ya sayar da shi. A nan tsohon yana da cikakkiyar gaskiya. Amma tsakanin ruwa da maƙogwaro akwai tafiya, kuma tafiyar nan ba ta taɓa zama kyauta ba, ko a zamanin da tsohon yake kewa. Rijiyar da yake tunawa an biya ta da gumin maginanta, waɗanda wasunsu ƙasa ta rufta da su. An biya ta da fatar da aka ɗinka wasaki, da igiya, da ranakun gayya. Sama da kome an biya ta da wuyan mata da ƴan mata, waɗanda ke tashi tun kafin kiran salla su dawo da tulu a ka, kullum, har tsufa. Ruwan ya zo wa maigida kyauta ne domin wata ce ta biya da jikinta, kuma ba a taɓa rubuta wannan a littafi ba. Abin da fanfo ya yi shi ne ya mai da wannan wahala kuɗi, ya fito da ita fili inda kowa zai ƙirga.

Har ruwan sadaka ma yana da mai biya. Tarihin Musulunci ya kawo cewa Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina da dukiyarsa ya bar wa jama'a, kuma Zubaida matar Halifa Haruna Rashidu ta kashe dukiya mai yawa wajen jawo ruwa zuwa Makka domin alhazai. Jama'a sun sha ba su biya ba, amma wani ya ɗauki nauyin.

Mun kuma ga abin da ke faruwa in aka ce babu mai biya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 domin samar da ruwan sha, aka kakkafa fanfunan tuƙa-tuƙa da na takawa a ƙauyukan Sahel. Da yawa daga cikinsu sun yi ƴan shekaru suka tsaya, wani lokaci saboda ƙarfe ɗaya da bai fi kuɗin akuya ba, domin babu asusun gyara, kuma kowa yana ganin kayan gwamnati ne ko na Turawan da suka kawo. Mata suka koma tabki. Kyautar da ba a tanadi mai kula da ita ba, ƙarshenta kango. Saurayin da ke riƙe da littafi, in har kuɗin da yake tarawa yana zuwa inda aka ce, shi ne magajin masu yashe rijiya.

Kada kuma mu raina abin da ruwa mai tsabta ya yi mana. Waɗanda suka manyanta sun san kurkunu, sun san yadda yake kwantar da magidanci a daidai lokacin noma. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da shi, kuma tace ruwa da gina mashaya masu kyau na cikin manyan dalilai.

To, ashe ke nan saurayin ya ci shari'a? Ban ce ba. Domin da zarar mun yarda cewa hanyar ruwa ake biya, sai wasu sharuɗɗa su hau kanmu. Na farko, kuɗin kada ya wuce abin da hanyar ta ci da ladan mai aiki, tunda mai ƙishirwa ba ya ciniki. Ba shi da ikon cewa albarka ya tafi wata rumfa. Na biyu, a bayyana wa jama'a abin da aka tara da abin da aka kashe, domin asusun ruwa amana ce irin ta dukiyar maraya. Na uku, wanda shi ne ya fi nauyi, rashin kuɗi kada ya taɓa zama dalilin hana rai sha. Dokar ruwa ta ƙasarmu ta 2010 ta amince cewa kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin samun ruwan bukatarsa, kuma a ranar 28 ga Yuli na wannan shekara babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya sanya ruwan sha cikin haƙƙoƙin ɗan Adam. Haƙƙi kuwa ba ya faɗuwa don aljihu ya bushe.

Wanda ke ƙarshen bututu

In ana son a auna gidan ruwa, ba tsayin tankinsa ake dubawa ba, ko yawan abin da yake tacewa a yini. A tafi gidan da ke ƙarshen bututu, da wanda bututun bai kai ba. A can ne wani lissafi mai ban kunya yake jiran mu. Jarka mai lita 25, in ɗan ga-ruwa ya kawo ta a kan dala biyar, to jarka 40, wato lita 1000, sun tashi jika guda. Mai fanfo a tsakar gidansa, a matakin farko na farashi, ba ya biyan ko rabin haka. Ma'ana, wanda ya fi talauci shi ya fi sayen ruwa da tsada, kuma shi ne ke samun mafi ƙaranci. Ba laifin ɗan ga-ruwa ba ne, shi ma ƙarfinsa yake sayarwa. Laifin yana ga tsarin da ya kai bututu inda kuɗi yake, ya bar inda ƙishirwa take. A ƙarshen rani akwai unguwannin bayan gari da ruwa ba ya zuwa musu sai tsakar dare, wasu sai bayan kwanaki. Waɗannan ba su da nisa da mutanen Daura na zamanin Kusugu masu jiran Juma'a.

Adalci ne a faɗi cewa tsarin ruwan biranenmu yana da wani abin yabo: farashi ɗaya ne a dukan garuruwan da ya shafa, ta yadda rarar babban birni ke tallafar ƙananan garuruwan da ba za su iya ɗaukar nauyin kansu ba. Wannan wani ɓangare ne na biyan bashin da muka ambata a kan Kano. Sai dai ƙauye yana wajen wannan da'ira. Shi ke riƙe da ɗan tankinsa, shi ke biyan gyaransa, kuma sau da yawa litarsa ta fi ta birni tsada. Ga makiyayi kuma, wanda garkensa ke shan abin da gida goma ba sa sha, farashin jarka yana iya zama hukuncin kora, kora kuwa ita ce mafarin faɗan da muka sha gani tsakanin maƙwabta. Yanzu da rashin tsaro ya tado ƙauyuka da dama a jihar Tilaberi, baƙin da ke tsayawa a bakin fanfunanmu ba matafiya ba ne kawai. Akwai waɗanda suka baro rijiyoyin kakanninsu da abin da ke jikinsu. Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Allah Ya bayar, ƙasa ta bayar. Abin tsoro shi ne mu zama gugan.

Abin da ya rage mana

Na dawo ga matar da ta kwance bakin zanenta. Ita ce ta warware rikicin ranar, amma ban ga ya dace a bar mata wannan nauyi ita kaɗai ba. In gobe ba ta nan fa, ko kuwa zanen babu kome a bakinsa? Abin da ta yi don tausayi ya kamata gari ya mai da shi ƙa'ida. Babu abin da zai hana kwamitin ruwa na ƙauye ya rubuta cewa shan baƙo da dabbar da yake kai kyauta ne, cewa akwai jarkokin da aka ware kullum domin tsofaffi marasa mai taimako da waɗanda suka yi gudun hijira, kuma a zuba wannan cikin lissafi kowa ya sani, kamar yadda ake fitar da zakkar hatsi tun a masussuka. Babu abin da zai hana a ajiye randa a gindin shato. Da an yi haka, da saurayin bai sunkuyar da kai ba, da tsohon kuma bai tafi da ɓacin rai ba.

Mu malamai da ƙungiyoyin raya al'adu muna da namu rabon aikin. Rijiya makaranta ce da ba ta da allo: yaro yana ganin zurfinta, yana jin nauyin guga, ya san sunan wanda ya gina ta, saboda haka ba sai an ce masa kada ya yi ɓarna ba. Fanfo ya ɓoye duk wannan a ƙarƙashin ƙasa, abin da aka ɓoye kuwa ba a yi masa godiya. Ya kamata mu fito da shi. Mu kai ƴan makaranta su ga injin garinsu, su tambayi zurfin rijiyar burtsatse, su lissafa kuɗin jarka a darasin lissafi, su gano da kansu wanda ya fi biya. Mu zauna da dattawa mu rubuta sunayen tsofaffin rijiyoyin Kurfai da na ƙasar Tabla, da waɗanda suka gina su, da ƙa'idojin da aka bi wajen shayarwa, tun kafin masu sanin su ƙare. Waɗannan ƙa'idoji ba kayan ajiya ba ne. Su ne ya kamata a shigar cikin dokokin kwamitocin ruwa na yau.

Da zan sake haɗuwa da tsohon, zan durƙusa in ce masa: "Baba, ba a fara sayar da ruwan Allah ba, kuma ba za a fara ba. Igiya da guga muke haɗa wa kuɗi, kamar yadda kuka yi a zamaninku. Amma ranar da ka zo da ƙishirwa aka tambaye ka dala biyu kafin ka sha, mu ne muka yi kuskure, ka gafarce mu." Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma sa mu riƙe amanar abin da Ya shayar da mu.